Zangon da Muka Koyar da Rumawa

Ina cikin shekarata ta uku da fara koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare mai zaman kanta da ke bayan unguwar Al Khabaisi a Dubai, sai shugabar makarantar ta ce zango na biyu na 2018 gaba ɗayansa na Rumawa ne. Ba a darasin tarihi kaɗai ba. So take yara su ci karo da su a lissafi, a kimiyya, a zane, har a filin wasa. Ni kuwa abin da na sani game da Rumawa bai wuce sunansu da na ji tun ina islamiyya ba.

Aji huɗu kashi biyu ne. Ɗayan yana hannun wata 'yar Zariya, ƙanwar ƙawata ta kwalejin horon malamai. Ni na yi mata hanyar aikin, kuma da ta iso Dubai a ɗakina na Satwa ta sauka. Tukunyarmu ɗaya, motar da ke kai mu makaranta ɗaya. Yaya take ce mini, ni ma duk inda muka shiga sai in ce ga ƙanwata.

Tare muka duƙufa, kuma aikin ya yi daɗi fiye da yadda na zata. A lissafi yara suka koyi rubuta shekarunsu da haruffan Rumawa. Wata yarinya 'yar Sudan ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to ina sifirinsu?" Da na ce ba su da shi, aji ya kaure da dariya, wai manyan mutane sun ci duniya da yaƙi amma sun rasa sifiri. A kimiyya muka yi irin gadar da suke jawo ruwa da ita zuwa birni. Na je Al Quoz na roƙo guntayen bututun roba a wani shago, muka ɗora su a kan kwalaye, daga tebur zuwa baho. Ranar gwaji rabin ruwan a ƙasa ya ƙare, muka yi ta goge-goge, amma ragowar ya isa bahon, yara suna ihu da Larabci suna "yalla, yalla!", wato maza-maza. Telolin layinmu kuwa suka tara mana ƙyallaye, yara suka yanka ƙanana suka liƙa, suka fitar da hotunan kifi da tsuntsaye irin na daɓen gidajen Rumawa. Lokacin sanyi ne, ana iya fita waje, sai malamin wasanni ya jera su da garkuwar kwali a ka da gefe kamar kunkuru, yana jifan su da ƙwallon soso.

Wata ranar Juma'a muna cin shinkafa da wake, ƙanwar tawa ta ce, "Yaya, me zai hana su ƙera allolin Rumawa da yumɓu? Kowane yaro ya zaɓi ɗaya, ya rubuta labarinsa."

Na ce, "Gumaka fa ke nan. Kin san iyayen yaran nan."

"Haba Yaya, tarihi ne, ba bauta ba. Ai shugaba za ta yaba."

Ta yi ta lallashi har na yarda. Ita ta sayo yumɓun, muka raba biyu. Jadawali ya sa ajina ne zai fara, nata sai ƙarshen mako.

Yara suka ƙera gumakan, wani da mashi mai baki uku, wata da hular yaƙi. Da suka bushe, wata yarinya ta saka nata a jaka ta kai gida. Washegari mahaifinta ya zo makaranta. Mutum ne mai natsuwa, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi dai bai aiko 'yarsa ta sassaƙa gunki ba, kuma ya kamata a tambaye su kafin a yi. Na ba shi haƙuri, na ce ya yi gaskiya. Ya karɓa, ya ce khalas, magana ta wuce.

A wajen shugaba ba ta wuce ba, domin labari ya riga ya shiga zauren iyaye na waya. Ta kira mu ofis mu biyu, ta tambayi wa ya kawo wannan shawara. Na buɗe baki zan ce tare muka tsara, sai ƙanwar tawa ta riga ni.

"Ni dama na gaya mata kada a yi. Shi ya sa ajina ba su yi ba."

Na juya na dube ta. Idonta yana kan tebur. Na ce da Hausa, "Me kika ce?" Sai ta ƙara wa shugaba da Turanci cewa a al'adarmu ƙarami ba ya musu da babba, shi ya sa ba ta iya hana ni ba. Wato girman da take ba ni, shi ta ɗauka ta buge ni da shi. Na ce wa shugaba ba haka aka yi ba, amma tata maganar ta fi tawa tsaruwa. Kuma ajina ne aka ga gumaka a ciki.

Aka cire ni daga ajin, aka mai da ni ɗakin karatu ina jera littattafai. Aka haɗa wa ƙanwar tawa azuzuwan biyu har ƙarshen zango.

A gida na tsare ta. Ta fashe da kuka ta ce, "Yaya, ke kin daɗe, ba abin da za su yi miki. Ni ina cikin watannin gwaji. In suka kore ni bizata ta mutu, me zan ce wa Baba?"

Na ce, "Da kin yi shiru ma, ai ni zan ɗauka. Na riga na ba mutumin haƙuri da bakina, ban ambaci sunanki ba."

Ta ce tsoro ne. Na yarda tsoro ne. Amma mai tsoro shiru yake yi, ko ya yi in'ina. Ita jimla biyu ta shirya tsaf, har da al'ada a ciki.

Ranar da aka gayyato iyaye su ga aikin zangon, ina ɗakin karatu ina hango filin ta gilashi. Yarana sun yafa fararen zannuwan gado, sun ɗora ganye a ka. Ƙanwar tawa ce ta tsaya gaban gadar ruwan tana bayani, iyaye suna ɗaukar hoto, shugaba tana dafa kafaɗarta. Wasu daga cikin yaran suka hango ni suka yi ta ɗago mini hannu, ni ma na ɗaga musu, sannan na koma can bayan kantoci inda ba mai ganina.

Lissafin ƙanwar tawa na cewa ba abin da za a yi mini bai yi daidai ba. Da shekara ta ƙare ba a sabunta kwantiragina ba. Kafin nan ta riga ta kwashe kayanta ta koma Deira wajen wasu 'yan mata, ranar da na je kasuwa. Na sha wuya a bazarar nan, ina yawon neman aiki cikin zafin da ke dafa mutum a tsaye, kafin Allah ya haɗa ni da wata ƙaramar makaranta kusa da Al Quoz, 'yan aji biyu.

Yayarta ta kira ni daga gida ta ce, "Ƙawata, na ji kun ɗan saɓa. Ki yi haƙuri, yarinya ce." Na gane ba ta san komai ba, ban kuma gaya mata ba. Har na bar Dubai bayan korona, duk Sallah sai ƙanwar ta turo mini gaisuwa mai tsawo, da addu'o'i. Nakan rubuta mata amin, na gode.