Ƙarar da Maigida Bai Lissafa Ba

A shekarun da mutane ke ta kwararowa Suleja saboda aikin Abuja, injin niƙanmu na unguwar Magajiya ba ya hutawa sai lokacin salla. Maigida ne a kansa tun kafin a kawo ni gidan. Masara, dawa, markaɗen masu ƙosai, duk wurinsa ake kaiwa.

Ni na fara lura jinsa ya ragu. Sai ya ƙure rediyo, yara su yi sallama ya yi shiru. Hankalina bai tashi sosai ba sai ranar da babbar 'yarmu take yi masa tilawa, saukarta ta matso, ta tsallake aya bai gyara mata ba. Mutumin da ko wasali ba ya bari ya wuce. Yana ta gyaɗa mata kai, ni kuwa na shige madafa na share hawaye.

Da ƙyar ya yarda muka je asibiti. Likita ya leƙa kunnuwan, sannan ya ce yana so ya ji yawan ƙarar da ya sha a rayuwarsa, a ina da ina, na tsawon wane lokaci. Maigida ya yi tunani, ya ambaci wani rani da ya yi leburanci wurin masu fasa dutse a hanyar Zuma, da wata motar Lambata mai fasasshen salansa da ya taɓa yi wa yaron mota. Shi ke nan. Da aka tambayi sana'arsa ya ce hatsi yake sayarwa. Ba ƙarya ya yi ba, yana sayarwa a gefe. Amma na san shi. Injin da ya ciyar da mu, ya kai mahaifiyarsa Makka, ba zai aibata shi a gaban baƙo ba. A wurinsa butulci ne.

Likita ya ce wannan kaɗai bai isa ya yi irin wannan ɓarna ba. Ya fara zancen tura mu wani gari a nemi wata cutar, alhali gobe da safe Maigida zai koma ya tsaya kan injin. Ni kuma ban taɓa gyara masa magana a gaban mutane ba.

Na yi bisimilla a zuci na ce, "Likita, ni ma a duba ni. In na kai wa Malam abinci wurin injinsa, kunnena ya dinga shuu ke nan har la'asar."

"Wane inji, Malama?"

Maigida ya harare ni, sai kuma ya yi dariya. "Likita, wannan ai abincinmu ne, ba ƙara ba."

Daga nan shi da kansa ya shiga lissafi, har ya koma kan injin kawunsa inda ya koyi aikin yana saurayi. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma kunnen dama da sauransa in an kiyaye. Ya ba shi robobin toshe kunne, ya ce a riƙa kashe injin ana hutawa.

Masu kawo niƙa suka yi ta tsokanarsa, wai ya toshe kunne don kada ya ji mitarsu. Bai cire ba.

Ranar sauka ya matsa kusa da 'yarmu, ya juya mata kunnen dama. Ta zo wani wuri ta ɗan kakare. Daga cikin mata na hango leɓensa ya motsa, ta kama ta ci gaba.