Kunun Suna a Randar Burukutu

Idan ka shigo Karshi ta hanyar Orozo, ka wuce kasuwa, ka gangara wajen gidajen da ke gindin dutse, tambayi kowace mace ina gidan Maman Meshach. Wata za ta nuna maka da hannu, wata da baki kawai, ya danganta da yadda take kallon sana'arta. Burukutu take dafawa. Sunanta Elizabeth, doguwa ce, mai dariya da ƙarfi, kuma gashin goshinta ya daɗe da yin ja saboda hayaƙi.

Ba da wannan sana'a ta zo Abuja ba. Daga wani ƙauye kusa da Pankshin mijinta Edward ya ɗauko ta, lokacin yana tuƙa motar wata ma'aikata a Garki. Ta yi shekaru tana zaman gida, tana ɗan saƙa, tana waƙa a zumuntar matan coci. Da Edward ya rasu, zaman Garki ya gagara, sai ta kwaso yara ta dawo Karshi. A nan ne ta tuna abin da hannun uwarta ya koya mata tun tana yarinya.

Aikin kuwa duk a waje ake yinsa, a filin bayan gida, don babu ɗakin da zai ɗauki irin wannan wuta. Za ta jiƙa dawa, ta tsame, ta shimfiɗa ta rufe da buhu har ta yi tsiro. Ta shanya, ta kai niƙa, ta dama, ta dafa a manyan tukwanen ƙarfe, ta bari ya yi tsami, ta sake dafawa. In ya huce sai ta juye a randa, a nan ne yake tashi ya zama giya.

To, randar nan ita ce asirin aikin. Tsohuwar randar ƙasa ce da ta sayo a wajen matan Kwali masu gina tukwane, ta yi baƙi, bakinta ya ɗan guntule. Ba a saka mata sabulu, ba a zuba mata ruwan zafi. Ragowar tsohuwar giya da ta shige cikin jikin yumɓun ita ce ke tayar da sabuwa. Elizabeth ta kan ce randarta tana da rai, in ka ƙona ta da tafasasshen ruwa ka kashe ta, sai ka je roƙon ɗiban giya a wajen wata kafin taka ta sake tashi.

Abokin gabanta guda ɗaya ne, sanyin ƙarshen shekara. Karshi tsakanin duwatsu take, in sanyi ya sauko da safe yatsun mutum ba sa lanƙwasuwa. A irin wannan lokaci randa takan yi barci. Ka kasa kunne a bakinta, shiru, babu kumfa babu motsi. Sai Elizabeth ta naɗe ta da buhuna da tsohon bargon Edward, ta ja garwashi kusa da gindinta, tana lallashinta kamar mai jinya.

Katanga ɗaya ce ta raba ta da Sa'adiya, matar Malam Uthman, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya ya gina ɗan gidansa a nan. Malam mutum ne mai kamewa, daga gida sai masallaci. Lokacin da Elizabeth ta fara sana'ar, wasu 'yan unguwa sun so a tashe ta, Sa'adiya ce ta tsaya mata. Ta ce mace mai marayu ce, ba a gidan ake shan abin ba, masu saye jarka suke kawowa su tafi. Amma ta kira Elizabeth gefe ta ce, "Maman Meshach, abu ɗaya nake roƙo. Giyarki, da duk abin da ya taɓa giyarki, kada ya shigo mini gida."

Elizabeth ta dafa ƙirji ta yi alkawari. Ta kuwa riƙe shi shekara da shekaru. Da yake hannunta na da kyau a kunun zaƙi, kuma Malam na son sa, sai ta ware kayan kunu daban: tukunya, muciya, rariya, robobi, duk ta ɗaura musu jan zare. Sa'adiya ba ta taɓa leƙa bayan gidan don ta duba ba. Maganar Elizabeth ta ishe ta.

A watan Janairun bara ne Ameera, 'yar Sa'adiya, ta zo gida wankan haihuwar fari. Elizabeth ta ce kunun suna nata ne, kada kowa ya sa hannu. Sanyin shekarar ya yi tsanani, har giyar da ta dafa ta ƙarshe sai da ta sha wuya kafin ta tashi, ta sayar, randa na zaune babu komai.

Ranar suna da safe ta gama tace kunu tana juyewa a robobi. Ta ɗaga babbar robar da ta rage, yatsunta da suka sandare suka sake ta, ta faɗi kan dutsen murhu ta tsage. Ga kunu kusan rabin tukunya bai sami mazubi ba. Ga hayaniyar mata tana tashi ta bayan katanga, Sa'adiya na kira, "Maman Meshach, baƙi fa sun fara cika!"

Idonta ya faɗa kan randa.

Ta san bai kamata ba. Kuma ga ruwa yana tafasa a kan wuta, taku biyu tsakaninsu, da ta sheƙa shi a ciki da an wuce wajen. Amma ta tuna wahalar sake tayar da randa a tsakiyar sanyi. Sai ta ce a ranta, giyar ma da aka yi don ta tashi ta ƙi tashi a wannan sanyi, ina kunun da za a shanye kafin azahar zai sami lokacin yin wani abu? Ta ɗauraye randar da ruwan sanyi, ta sake ɗaurayewa, ta shinshina ba ta ji komai ba, ta juye kunun. Ita da kanta ta ɗauka a ka ta shiga da ita gidan Sa'adiya.

Abin da ba ta sani ba, na robobi aka raba wa baƙi. Sa'adiya ta ga randa, ta ce wannan na maigida ne, ta sa aka tura ta lungun ɗakin girki, jikin murhun da aka wuni ana dafa shinkafa. A nan ta kwana cikin ɗumin toka, ɗumin da Elizabeth ke nema mata da bargo ba ta samu ba.

Bayan suna da kwana biyu Sa'adiya ta leƙo ta ƙofar gaba, randa a hannu, fuskarta cike da fara'a.

"Maƙwabciya, me kika sa a kunun nan ne? Malam ya ce bai taɓa shan irinsa ba, wai har wani ɗan yaji-yaji yake yi a harshe."

"Citta ne, Hajiya, da kanumfari," in ji Elizabeth, muryarta ta yi ƙasa.

"To cittarki ta yi aiki. Jiya ya shanye kofi ya ƙara, ya zauna a rana yana ba surukinsa labarin zamanin da suke Legas, yana ta ƙyaƙyata dariya. Malam fa! Mutumin da sai ki yi wata ba ki ga haƙorinsa ba. Daga nan barci ya kwashe shi, da ƙyar na tashe shi la'asar, har jam'i ya wuce shi."

Sa'adiya na tafiya Elizabeth ta sa hanci a bakin randa. Ba ta buƙaci shinshinawa ta biyu ba. Ta zauna a ƙasa inda take, ta rufe kai da zane.

Daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. In ta ji Malam Uthman ya fito zai tafi masallaci, ya ɗaga murya ya ce, "Maman Meshach, an tashi lafiya? Ya sanyi?" sai ta amsa daga ciki, ta kasa fitowa. Dattijon da ya kai wannan shekaru ko ɗigo bai taɓa shiga bakinsa ba, ita ta kai masa har ɗakin girki, a kanta ta ɗauka. Ranar Lahadi a coci aka rera waƙar neman gafara, ta kasa rerawa tare da su.

Ta je ta gaya wa Yelwa, ƙawarta da ke dafa burukutu a ɗaya ɓangaren garin. Yelwa ta yi dariya har da buga cinya.

"Ke dai kin samu sabon kwastoma! Ki ce ya kawo jarka."

"Yelwa, ba wasa nake ba."

"To wa ya mutu? Baba ya yi dariya, ya yi barci, ya tashi. Ki rufe bakinki. In kin faɗa, matar nan da ta tsaya miki ita za ta fara cewa a kore ki. Ina za ki kai tukwanen?"

Elizabeth ta dawo gida da niyyar yin shiru. Ta yi shirun kuwa na ɗan lokaci, har ranar da Sa'adiya ta same ta a ƙofar gida tana tsince dawa.

"Malam ya aiko ni. Ranar Juma'a abokansa za su zo ganin jariri bayan an sauko masallaci, har da liman. Ya ce don Allah ki yi musu irin na randa, ba na roba ba. Ya cika su da labarin kunun."

Elizabeth ta ajiye faifan. Tana iya yin kunu mai tsabta ta ce hannu ne ya bambanta, magana ta mutu. Ta duba fuskar Sa'adiya, ta ga babu ko ɗigon zargi a cikinta, wannan ne ta kasa ɗauka.

"Hajiya, zauna. Randan nan, ba na kunu ba ne."

Sa'adiya ba ta zauna ba. Elizabeth ta faɗa mata duka, robar da ta fashe, sanyin, ɗaurayewar.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Sa'adiya a hankali. Can ta ce, "Kuskure kika yi kika ɗauko ta?"

"A'a. Na san ta. Akwai ruwan zafi ma a wuta, ban zuba ba. Na ji tsoro randa zai mutu."

"Randa." Sa'adiya ta gyara mayafinta. "Malam bai sani ba, Allah ba zai kama shi da abin da bai sani ba. Ni ma da na miƙa masa kofi ban sani ba. Ke ce kika sani, Elizabeth."

Ba ta taɓa kiran ta da sunanta haka ba. Ta juya ta shiga gida.

Ranar Juma'a lemon kwalba aka ba baƙin Malam. Sa'adiya ta gaya wa mijinta, don ba ta ɓoye masa abu. An ce ya daɗe yana istigfari, sannan ya hana a fitar da maganar waje, ya ce matar da ta zo ta faɗa da bakinta ba za a tona ta ba. Bai daina gaishe ta ba, wannan ma ya fi yi wa Elizabeth ciwo. Sa'adiya kuwa gaisuwa ce kawai, ina kwana, lafiya lau, kowa ya wuce. Babu wanda ya zo tashinta. Ta ci gaba da dafa giyarta, amma kayan nan masu jan zare suna kife, ƙura da gizo-gizo suka hau su.

Sai da azumi ya matso, wata safiya Sa'adiya ta tsaya a ƙofarta.

"Malam ba ya iya buɗa-baki sai da kunu, nawa kuma ya ce kamar ruwan wanki. Gobe ki shigo ki yi a wajena. Gero nawa, tukunya tawa, muciya tawa. Kada ki zo da komai, ko cokali."

"Na ji, Hajiya."

Washegari ta shiga hannu rabbana. A bakin ɗakin girki Sa'adiya ta miƙa mata sabulu, ta riƙe buta tana zuba mata ruwa, idonta a kan hannuwan. Da can ba a taɓa yin haka ba, su biyun duk sun sani. Elizabeth ta wanke har gwiwar hannu, ta sake sa sabulu ba tare da an ce ta sake ba.

"Ya isa haka," in ji Sa'adiya. "Kina ƙarar mini da ruwa. Zo ki ga tsiron geron kunun nan ko ya yi."