Gashin Idon Mijin Gwaggo

Gwaggona aikinta daskarar da tsokar marasa lafiya ne, ta yanka ta siriri, ta fi ɓawon albasa siranta, don a duba a babban madubin likita mai aiki da lantarki. Yankan nan ko tsinke yaga shi yake, sai da gashin ido ake ɗaga shi. Na mijinta take tsigewa, wai ya fi tsawo.

Ranar da aka kawo guntun ƙodar wata mata, babu na biyunsa, gashin ya karye. Kafin yankan ya narke Gwaggo ta fizge nata, ta ƙarasa aikin tana hawaye. Aka gano ciwon matar.

Da mijin Gwaggo ya ji, ya shafa ido ya ce, "Ranki ya daɗe, an sallame ni ke nan?"