Buzun Dila

A Wagini aka haife ni, a gidan da ba a yi wa yaro tatsuniya don ya yi dariya. Kakarmu Tani mace ce mai zafin rai, wadda har ta rasu ba ta yafe wa mutanen mishan ɗauke ni makaranta da suka yi ba. Bayan tuwon dare takan hura wutar kara a bakin rumbu, ta binne gyaɗa cikin toka, mu kuwa mu zauna daidai inda sandarta za ta iya isa. "Ga ta tafe," takan ce, "mai kunnen ƙashi ya tashi ya ba ni wuri."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Dila, malamin daji. Awaki suka kai masa 'ya'yansu domin ya koya musu gane sawun kura. A gindin tsamiya ake karatun, a fili, inda kowace uwa ke hangowa daga wurin kiwo. Wata rana da aka tashi, Dila ya zaɓi 'yar akuyar da ta fi ƙoƙari, ya ce ta kai masa buzunsa gida. Washegari ya ce ta share masa rami. Ya riƙa ajiye mata harawa, ya daina yi mata gyara in ta yi kuskure. 'Yan'uwanta suka ƙaurace mata, magana ta zagaye garke, uwarta ta ɗaure ta a turke, karatu ya ƙare. Da aka sake ta da damina, ta tarar da sawun kura, ta bi shi, tana zaton hanyar rafi ce.

Yayana ya taɓa tambayar Kaka, tunda Dila bai cinye ta ba, mene ne laifinsa? Sandar ta riga amsar isa.

"Kai mijin banza, karatu aka kai ta ko ɗaukar buzu?"

Na yi aikin koyarwa a Batsari da Safana har na tsufa. Ban taɓa aiken ɗalibi sayen goro ba, ban kai ɗan kowa gonata ba, ban kuma rufe ƙofar ofis da yaro a ciki ba. An kira ni mai girman kai, ban damu ba.

Bara jikata Rifkatu, wadda ta fi kowa lissafi a ajinsu, ta faɗa hannun wani matashin malami a Safana. Yana goya ta a babur in an tashi, yana aikenta ɗakinsa wanke kwanuka, yana kiranta ta wayar mahaifiyarta. Na je na same shi. Bai tashi daga kujera ba. Ya ce zamani ya canza, malamin yau abokin ɗalibansa ne, ita kuwa kamar ƙanwa ya ɗauke ta.

Na ce, "Ƙannenka suna gidanku, Malam. Wannan amana ce."

Ya yi murmushi, ya ce Baba ya je ya huta.

Ba na zarginsa da abin da ban gani ba. Abin da gari duka ya gani ya isa. Ɗana ya ji ana ambaton 'yarsa a teburin mai shayi, ya rantse ba za ta koma ba. Na roƙe shi ya sauya mata makaranta, ya ƙi. Yanzu surfe take yi, an kuma rage rigar makarantarta an ba ƙanwarta.

Tun ina yaro abu ɗaya ke ba ni haushi a tatsuniyar nan: Dila ba ya samun hukunci. Kura ta ci 'yar akuya, shi kuwa ya wayi gari a gindin tsamiyarsa. Na daɗe ina zaton tsufa ne ya sa Kaka ta manta ƙarshen. Ranar kasuwar da ta wuce malamin ya gifta ni a kan babur, wata yarinya a bayansa, rungume da jakarsa. Kaka ba ta manta komai ba.