Ranar da Na Zama Ƙanin Kaina

Gidanmu a unguwar Glenwood, nan ƙasar Turawa, bai da nisa da layin dogo. Shekara da shekaru jirgi yana wucewa yana kuka, Hajiya matata ba ta taɓa ɗaga kai ba. Sai da ciwon mantuwa ya kama ta sannan ta fara jin sa. Da ya yi kuka sai ta ƙulle zannuwa a ɗankwali, ta tsaya bakin ƙofa. In na ce ina zuwa, sai ta ce Ikko.

Ikkon nan tana da asali. Lokacin da nake neman aurenta a Damagaram, ƙasarmu ba ta da jirgin ƙasa. Ni kuwa, ko da yake karatuna na lakwal, wato boko, bai yi nisa ba, na taɓa zuwa Kano na ga jirgi ɗaya a tsaye, saboda haka duk unguwarmu ni ne malamin jirgi. Na ce mata in an ɗaura aure za mu hau shi har babban birnin Najeriya. Najeriya ta yi ta jirana, da ta gaji ta ɗauke babban birninta ta kai Abuja.

Babbar 'yarmu nas ce, a garin McLeansville nan kusa da mu take da mijinta. Ita ta samo wa uwarta wuri a gidan kula da tsofaffi.

"Baba, ba za ka iya kai kaɗai ba," in ji ta. "Rannan fa ɗaliban jami'a ne suka tsinto ta a bakin titi."

Na ce matar da na riƙe tun kafin a san za a haife ki, yau ke za ki gaya mini ban iya ba? Zan kai ta Washington a jirgi in dawo da ita a yini guda, daga nan kada in sake jin zancen gidan nan.

Ta ce, "Okey, Baba. Amma duk abin da ya faru, ka faɗa mini gaskiya." Na ce na yarda.

Da safe muka hau. Hajiya ta zauna wajen taga da robar dambun nama a cinya, duk wanda ya gifta sai ta miƙa masa. Wani Bature ya ɗiba, ya ci, ya yi ta tari, ta ce a ba shi ruwa, yaron ba a saba masa da abinci ba. Da muka shiga dazuzzukan Virginia ta ce, "Lallai bana Najeriya ta sami damina." Hannunta na kan hannun rigata. Ni kuwa har na fara shirya jawabin da zan yi wa 'yata.

Bayan azahar muka sauka. Daga ƙofar tasha ana hango farar kubbar majalisa. Ta ce masallacin ya yi kyau, sai dai ba hasumiya. Na ce mutanen ciki ba su cika kiran salla ba. Muka ɗan taka, muka ci abinci, muka yi salla a wani lungu, muka koma tasha jiran jirgin yamma, wanda in ya wuce babu wani sai gobe. Gajiya ta sa ta yi gyangyaɗi a kan benci.

Da aka fara layi na taɓa kafaɗarta. Ta buɗe ido, ta dube ni, ta janye jiki ta ja mayafi.

"Bawan Allah, ni matar aure ce."

"Hajiya, ni ne."

"Maigidana ya je yankan tikiti. Nan ya ce in jira shi. Ka matsa."

Na kama hannunta, ta fizge. Layi yana ta raguwa. Wani mai gadi da rediyo a kafaɗa ya juyo yana kallonmu, na kuwa san abin da yake gani: tsoho yana jan mace tana ƙi. Turancina na ɗaukar kaya a sito ne, bai kai na bayani ba. In ya iso, 'yan sanda ne, daga nan asibiti, daga nan waya zuwa McLeansville. Na faɗa mata sunan unguwarmu, na faɗa mata sunan mahaifinta. Ta ce kowa ma ya san mahaifinta.

Sai ƙanena ya faɗo mini a rai, Allah ya ji ƙansa. Mun yi kama, sai dai shi kunnuwansa sun fi nawa, kuma kullum hularsa a karkace. A wajenmu mace tana jin nauyin miji a gaban mutane, amma ƙanin miji abokin wasanta ne, ba abin da ba ta gaya masa, kuma in aka aiko shi ya raka ta, bin sa take yi. Na ja da baya, na karkata hula, na sa hannu a ƙugu.

"Matarmu, har yanzu kina nan zaune kamar buhun gero? Yaya ya shiga ya kama mana wuri, ya ce in kawo ki."

Ta ƙura mini ido. Mai gadi ya fara takowa.

"Kai ne, mai manyan kunne? Me ya same ka ka tsufa haka?"

"Tuwonki ne."

Ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba, har da tafa hannu. "Ɗauki kayan, malalaci." Na ɗauka. Muka wuce ta gaban mai gadi tana dungure mini kai.

A cikin jirgi ta duba kujeru ta ce ina yake. Na ce yana gaba wajen direba, yana koya musu tuƙi.

"Shi ɗin," in ji ta. "Jirgi ɗaya fa ya taɓa gani, shi ma a tsaye."

Ashe ta sani tun tuni. Ta yi ta zolayata, wai har yanzu ba wadda ta yarda ta aure ni. Can da rana ta faɗi sai ta dubi taga ta ce,

"Ba zai bar ni a hanya ba ko?"

"Ba zai bar ki ba."

Waya ta yi ƙara, 'yata ce. "Baba, komai lafiya?" Na ce lafiya lau, muna hanya. Ta ce, "Baba, gaskiya fa muka yi da kai za ka faɗa mini." Na tuna mai gadi, na tuna cewa gobe ƙila ko ƙanin mijin ma ba za ta yarda da shi ba.

Na ce, "Uwarki ba da ni take tafiya ba. Da baffanki take."

Na ji ta ja numfashi. "Zan zo tasha in ɗauke ku."

Kafin wata ya ƙare aka kai Hajiya gidan nan. Ba laifi, akwai tsabta, suna ma barina in kai mata kunu. Kullum da safe ina hawa bas in je. Ina shiga da hula daidai. Wata rana ta ce sannu da zuwa Malam, mu zauna shiru kamar da. In kuwa ta ja mayafi, sai in koma bakin ƙofa in karkata hular in sake sallama. A irin ranakun nan mun fi shan dariya, sai dai in zan tafi takan riƙe mini riga ta ce ina Yaya, ya daɗe. Sai in ce mata yana gaba wajen direba.