Ai An Cire

Har yau in na ji an ce "wannan maganar maza ce", sai raina ya ɓaci. Da ita aka fitar da ni daga ɗakin likita ranar da za a sallami Babanmu, bayan an yi masa aiki an cire ƙullutun nan na ƙarƙashin mafitsarar maza da ciwon daji ya kama. Ni na yi jinyarsa, ni ke zubar da fitsarinsa, amma da aka zo bayani sai ƙanensa, Baffa, ya ce in ba su wuri, wai da kunya. Baba kuwa kunnensa ya yi nauyi, don haka Baffa kaɗai ya ji.

Muna komawa ƙauyenmu a bayan Minjibir, Baffa ya sa aka toya waina aka raba sadaka, ya miƙe a masallaci ya ce yayansa ya warke sarai. Kowa ya tambaya, amsarsa ɗaya: ai an cire.

Shekarun da taki ya gagari talaka ke nan, kowa ta kansa yake yi. Baba ya koma gona. Da ya fara kukan baya da ƙugu, aka ce huɗa ce. Wanzami ya yi ƙaho, aka dafa sassaƙe. Ranar da na tarar yana salla a zaune, ban nemi izinin kowa ba na sa shi a mota muka koma asibitin.

Likita ya ce akwai abin da ƙullutun ke zubawa a jini, wanda ya kamata ya ɓace bayan aiki. Na Baba hawa ya yi, hoto kuma ya nuna ciwon ya shiga ƙashi. Ya ce ai tun ranar sallama ya gaya wa ƙanen Baba a riƙa kawo shi gwaji, don jini kan tona ciwon tun jiki bai ji ba.

A zaure na tare Baffa, gaban mutane. Wai ya ga an riga an gode wa Allah, komawa asibiti butulci ne, kuma me zai ce wa 'yan masallaci? Daga nan ya jawo ƙaddara. Ƙaddara a bakin wanda ya danne magana! Na ɗaga murya har Baba ya jiyo daga ɗaki, ya kira ni.

Na ɗauka faɗa zai yi mini. Sai ya riƙe hannuna ya ce, "Da ke aka bari kika ji, da kin kai ni."

Geron da ya shuka a daminar nan, wasu ne suka girbe.