Randunan da Ba Sa Zufa

Malam Ɗahiru maginin tukwane ne a gindin Goron Dutse. Gado ya yi. Yana saurayi gwamnati ta kai shi wata makarantar ginin tukwane, ya koyo juya yumɓu a kan faifai, da haɗa ruwan ƙyalli na toka da niƙaƙƙen dutse. Da ya dawo babu mai neman wannan aiki sai Turawa jefi-jefi. Randa ce ke ciyar da gidansa, irin wadda mahaifinsa ya yi. Matan Koki har aike suke yi: a kawo ta Ɗahiru, ta fi sanyi.

A shekarar 1979, soja na shirin miƙa mulki, wani ɗan takara mai suna Alhaji Ashafa ya zo. Randunan sadaka yake so a girke a ƙofofin masallatai, masu sheƙi, da launin jam'iyyarsa.

Yayar Ɗahiru, Kande, wadda ke kwaɓa masa yumɓu, ta ce, "Kai Ɗahiru, randa in ba ta zufa, ta ina ruwa zai yi sanyi? Ka toshe mata jiki, shayi za ka ba mutane?"

"Yaya, na sani," in ji shi. "Amma ko sau ɗaya a ga abin da na koyo."

Ya gina sabon tanderu, ya shafe randunan da ruwan ƙyalli ciki da waje, ya buga hatiminsa a wuyan kowace, yadda aka koya masa a makaranta. Suka fito suna ɗaukar ido. Ranar da aka girke su mutane suka taru suna shafawa. Kafin la'asar ruwan ya yi ɗumi. Masu dako su kurɓa su furzar, su duba wuyan randar su tambayi sunan wane ne.

Alhaji ya ci zaɓe ya tafi Legas. Ba wanda ya ambace shi a maganar. Abin da aka ce a gari shi ne Ɗahiru ya bi aikin Bature, hannunsa ya lalace. Ya koma gina randa irin ta da, Kande ta bi gida-gida tana roƙo a zuba ruwa a gwada. Ko taɓawa ba a yi ba.

Bana na same shi yana gina asusun yara. Na ce randa nake nema. Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Malam, je ka Kasuwar Kurmi, 'yan ƙauye na kawowa."